Jirgin Yola Ba Ya Jiran Mai Salla

Tun da na dawo daga Yola ban samu sakat ba a majalisarmu ta Ƙofar Durɓi. Duk wanda ya zauna, kafin ma ya gama tambayar iyali, sai ka ji ya ce, "Malam Ɗahiru, wai da gaske awa guda ce tsakanin Katsina da Yola a jirgi?" In na ce e na yi ƙarya, in na ce a'a na zalunci jirgi. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tsinci nasa ya je ya ƙara masa gishiri, har na ji wai a Ƙofar Sauri ana cewa tsoro ne ya hana ni shiga. To ga yadda aka yi, kowa ya ji ya huta, ni ma bakina ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon direba ne. A kan sitiyari na ci ƙuruciyata, kuma hanyar Yola tana cikin waɗanda na fi bi. Wudil, Darazo, Gombe, Kaltungo, Numan, babu inda ban san mai tsire da mai faci ba. Jirgin sama kuwa sai dai in hango shi yana wucewa ta saman gidanmu, ban taɓa taka shi ba sai a wannan karon.

Abin da ya kai ni shi ne auren Safiya, 'yar ƙanena marigayi Audu. Tana ƙarama ya rasu, mahaifiyarta Bafulatanar Adamawa ce, ta koma gida da ita. Muna aike da salla, muna gaisawa a waya, amma nisa nisa ne, kuma na san a can ana yi wa yarinyar gorin cewa dangin ubanta sun manta da ita. Da aka sa ranar ɗaurin aure, Juma'a bayan an sauko masallaci, yayan mahaifiyarta, Kawu Hammadu, ya ce shi zai yi walicci tunda Katsinawa ba lallai su zo ba. Ita ce ta kira ni da kanta tana kuka. Ta ce, "Baffa, don Allah kai nake so ka ba da aurena. Kada dangin mijina su ɗauka ba ni da kowa ta wajen uba." Na ce mata ko da rarrafe ne zan zo, ta share hawayenta.

Matata Hajara da sauran mata suka ɗauki bas tun ranar Laraba da asuba. Da na bi su da ba a yi wannan labarin ba. Amma ɗana Nazifi, wanda ke aikin ofis, ya zo ya nuna mini waya. Ga Katsina, ga Yola, ga wani layi miƙe sambal a tsakaninsu, a ƙasa an rubuta nisan da kuma lokacin tafiya, awa guda da 'yan mintoci. Ya ce da ciwon bayan nan nawa ba zai bari in wuni a mota ba. Ni kuma, gaskiyar magana, abin da ya fi jan hankalina shi ne a ce a Yola baffan amarya a jirgi ya sauka. Na ga hakan zai ɗaga kan Safiya. Har na ce wa sauran maza 'yan'uwa kowa ya zauna ya ji da hidimarsa, ni kaɗai na isa.

Ranar Alhamis da safe Nazifi ya kai ni filin jirgi. A bakin ƙofa ya miƙo mini takardu biyu, na ga ɗaya an rubuta Abuja.

Na ce, "Nazifi, mi ya kawo Abuja cikin zancen nan?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai babu jirgin da ke tahiya Yola kai tsaye daga nan. Sai an sauka Abuja a canza wani."

"To layin da ka nuna mani a waya hwa?"

"Wannan lissahi ne, Baba. Nisan suka auna, da lokacin da jirgi zai ɗauka in da akwai shi."

"In da akwai shi?"

"E, Baba."

Wato wasu masu ilimi sun zauna sun auna hanyar da babu mai bi, sun kuma faɗi lokacin da za a isa. Ni a iya sanina mai zuwa Yola ta Kano yake bi ya yanki gabas, ban taɓa jin wanda ya fara gangarawa Abuja ba sai in ɓata ya yi. Amma an riga an yanki tikiti, na ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

A wurin bincike aka fara. Suka ce in cire hula, in cire agogo, in cire bel. Na ce ni ba ni da bel sai mazagi, in kuwa na cire shi ba za su ji daɗin abin da zai biyo baya ba. Jami'in ya yi dariya ya bar ni. Amma 'yar wuƙata ta ɓare goro, wadda ta fi Nazifi shekaru, sai da suka karɓe ta, da gorar ruwana ma. Na tambaya ko ruwan Katsina haramun ne a sama, aka ce doka ce. Da muka shiga ciki kuma sai ga mai sayar da irin ruwan nan sak. Har yau ban gane wannan ba.

Cikin jirgi na yi sallama, mutum biyu ne kacal suka amsa. Wanda ke kusa da ni ya toshe kunnuwansa da wayoyi, na tambaye shi gida da aiki da gajiya, duk da gyaɗa kai ɗaya ya biya ni. Babu wanda ya ce a yi addu'ar tafiya, sai wata yarinya ta tsaya a gaba tana nuna ƙofofi da hannu tana hura wata rigar roba. Da jirgin ya zabura zai tashi, na karanta duk abin da na haddace har da wanda na manta. Muna daidaita a sama na leƙa taga, na ga rana a hannun hagu. Mai zuwa Yola da safe a goshi rana take dukansa, wannan kowane yaron mota ya sani, don haka hankalina bai kwanta ba. Aka raba mana wani ɗan burodi mai zaƙi da bai kai loma biyu ba. Ina cikin neman yadda ake buɗe ledarsa aka ce mu ɗaura bel za mu sauka.

A Abuja na karɓi jakata, na bi wani jami'i ya nuna mini inda zan sake miƙa ta. Aka auna ta, aka liƙa mata takarda, na ga ta hau wani abu mai tafiya da kansa ta shige ta wani rami. A cikinta babbar rigata take, wadda na ɗinka musamman don ɗaurin auren. Aka ba ni 'yar takarda mai lambar kujera, aka ce in shiga zaure in jira. Zauren cike yake da mutane, kowa ya sunkuya a kan waya. Can sai lasifika ta yi magana da wani irin Turanci na hanci, wasu su miƙe su tafi, wasu su zauna. Ni Turancin tasha na iya, wannan kuwa ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

Azahar ta yi. Na tambayi wani mai shara masallaci, ya ce yana waje, sai na fita ginin. Ban ji ko ɗar ba. A tasha dokar a bayyane take: in ka biya kuɗin mota, kayanka suna cikin but, ka kuma shaida wa na kusa da kai, to ko kasuwa ka tafi mota ba ta tashi. Kwandasta zai ƙirga kawuna, wani zai ce saura mutum ɗaya, a aika a nemo ka. Ni kaina duk tsawon tuƙina ban taɓa barin fasinjan da ya je salla ba, ko da sauran suna zagina. Don haka na ajiye ledar gorona a kan kujera, na taɓa wani mai kwat da ke gefena na ce, "Ɗan riƙe mani wuri. In an hwara lodi ka ce mai wurin nan yana masallaci." Ya yi murmushi ya ɗaga mini hannu.

Na yi alwala a tsanake, na bi jam'i. Ana sallamewa na ji wani a bayana yana waya yana cewa "lahiya lau, mu na nan hwa." Na juya na ce wannan bakin na gida ne. Ashe mutumin garin Mani ne, Sale, direban tasi a filin jirgin, kuma na san mahaifinsa a tasha shekarun baya. Ya ce mini tsohon ya rasu bara. To ka ga dole a yi ta'aziyya, a yi addu'a, a tambayi tsohuwa da ƙanne. Wane ne zai ji rasuwa ya ce yana sauri?

Da na dawo sai da aka sake cire mini hula da agogo. Na shiga zaure na tarar mai kwat ba ya nan, ledar gorona tana hannun wani jami'i yana jujjuya ta da ƙarshen sanda. Na ce tawa ce, ya yi mini faɗa sosai, wai ba a barin kaya babu mai shi. Na je wurin yarinyar da ke bakin ƙofa na nuna takardata. Ta duba ta ɗago kai. Allah ya sa tana jin Hausa.

Ta ce, "Baba, ai jirgin Yola ya tashi."

"Wane jirgin?"

"Naku. An yi ta kiran sunanka."

"Yarinya, duba da kyau. Kayana na ciki."

"Baba, ya tashi."

"To ba a ƙirga mutane ba? Na hwaɗa ma wani mai kwat ya ce ina masallaci."

Ta ce mutanen layin kujerun da mai kwat ɗin ya zauna Fatakwal suka tafi. Na ce to ta buga wa direban waya ya ɗan dakata a gaba, in hau mashin in cim masa, haka muke yi. Ta rufe baki da hannu, ban sani ba dariya take ɓoyewa ko tausayi. Nan na zauna a kujerar da ke kusa. Tsoro ya kama ni, ba don kaina ba, sai don muryar Safiya da nake ji tana cewa kada a ɗauka ba ta da kowa.

Na kira Nazifi, ya yi salati ya ce in ba yarinyar wayar. Suka yi ta Turanci, daga ƙarshe aka mayar da ni jirgin gobe Juma'a da safe. Jakata kuwa, wani ya ce an sauke ta, wani ya ce ta tafi, wani ya ce in dawo gobe. Na fita na nemo Sale na ce ya kai ni tasha, in kwana a hanya in wayi gari a Yola. Ya riƙe hannuna ya ce, "Haba Baba, hanyar dare yanzu ba irin ta zamaninku ba ce. Ka kwana wurina. Jirgin sahe awa guda ce tak, kahin hantsi kana Yola." Na ce wannan awa gudar dai tun daga Katsina take bina.

Sale ya kai ni masaukinsu a wata unguwa bayan hanyar filin jirgi. Ɗaki ɗaya ne, direbobi huɗu ke kwana a ciki, amma ba sa haɗuwa, in wannan ya shigo wancan ya fita. Suka bar mini katifa mafi kauri. Na nemi tuwo, aka ce sai an shiga mota, don haka muka zauna wurin mai shayi aka soya mini taliyar yara da ƙwai. Maƙwabcinsu ya wuce mu da guga bai ce uffan ba. Na tambayi Sale ko faɗa suka yi, ya ce a'a, bai ma san sunansa ba, haka garin yake. Hajara ta kira ta ce su har sun huta sun yi lalle, ina mai jirgi? Na ce jirgi na nan lafiya. Ta ce, "Malam, sauri dai ya haihi nawa." Na roƙe ta kada ta gaya wa Safiya komai, gobe da hantsi ina tafe.

Ana idar da sallar asuba na koma filin jirgi. Wannan karon a kujerar da ke jikin ƙofar fita na zauna, na ƙi shan ko ruwa don kada fitsari ya tashe ni. Duk wanda ya miƙe sai in miƙe in nuna masa takardata, ya ce ba mu ba ne. Lokacin tashi ya yi ya wuce. Lasifika ta yi hancinta, mutane suka yi tsaki. Wani dattijo mai fataucin shanu da ke kusa da ni, shi ma Yola za shi, ya fassara mini: wai jirgin bai iso ba, yana wani gari. Na ce wane gari? Ya ce ba su faɗa ba. Na ce yaushe zai zo? Ya ce sun ce nan ba da jimawa ba.

Hantsi ya yi, rana ta take. Na je wurin yarinyar jiya na ce, "Jiya da na makara kaɗan kun tahi kun bar ni. Yau da ku kuka makara, wa zai tahi ya bar ku?" Ta ce in yi haƙuri, matsala ce daga sama. Ban san wace saman take nufi ba. Na dawo na zauna ina lissafin cewa da na bi shawarar kaina jiya, da yanzu ina Numan ina wanke fuska. Azahar a nan gefen kujera na yi ta, idona ɗaya a kan ƙofa, Allah ya yafe mini.

Ina sallamewa waya ta yi ƙara. Kawu Hammadu ne. Ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya ce an sauko masallaci, liman na zaune, dangin ango sun hallara, ni kaɗai ake jira. Na ce ina Abuja. Na duba babu namiji ko ɗaya daga ɓangarenmu a Yola, ni da bakina na hana su zuwa. Ba yadda zan yi. Na ce ya sa wayar yadda liman zai ji, na ce, "Ni Ɗahiru, yayan mahaihin Sahiya, na wakilta Malam Hammadu ya ba da aurenta a madadina." Ina ji aka nema, aka bayar, aka karɓa. Da aka ce a yi fatiha na ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya a kunne. Dattijon mai shanu ya ajiye jakarsa ya ɗaga nasa biyun, muka shafa tare. Sai na ji maroƙi can nesa yana shelar an ɗaura. Na yi kuka a gaban mutane, ban kuma ji kunya ba. Abu ɗaya Safiya ta taɓa roƙona tun da aka haife ta, shi ne ban yi ba.

Sai bayan la'asar jirgin ya ga damar zuwa. Kuma ku ji abin haushi, da muka tashi ban gama jan carbi yadda na saba ba aka ce ga Yola. Ashe awa gudar gaskiya ce. A wani ofis na tarar da jakata a jingine, tun jiya take can tana jirana. Ban tsaya sa babbar riga ba, na faɗa tasi da kaftanin da na baro Katsina da shi, duk ya yamutse ga tabon shayi a gaba.

Ana kiran magariba muka shiga layin gidan a Jimeta. Na ga motoci jere, direbobi zaune a kan bonet, matan dangin ango tsaitsaye da alamar gajiya. Na ɗauka an riga an kai amarya, waɗannan masu dawowa ne. Kawu Hammadu ya taro ni a ƙofar zaure, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Malam Ɗahiru, sannu da hanya. Shiga ka fito mana da 'yarka. Tun la'asar motocin nan suke tsaye. Uwarta ta yi magana, ni na yi, ta ce ba za ta taka ƙofar gida ba sai baffanta ya zo."

Hajara ta ja ni har ɗakin. Safiya na zaune a bakin gado cikin lulluɓi, ƙawaye sun kewaye ta. Duk nasihar da na shirya tun daga Katsina ta gudu. Na durƙusa a gabanta na ce, "Sahiya, Baffanki ne. Na makara, ki yahe mani."

Ta damƙe hannun kaftanina. Ta ce, "Baffa, ba komai. Ka riƙe hannuna kawai mu fita ta gaban mutane, su gan ka."

Na riƙe hannunta muka fito. Ban yi sauri ba. Muka ratsa tsakar gida, mata suna darewa, muka bi ta zaure, muka fito layi inda dangin ango suke. Kawu Hammadu yana gaba yana faɗa da ƙarfi, "Baffan amarya ne, yayan mahaifinta, daga Katsina ya zo." Ina jin hannunta yana ƙara matse nawa duk lokacin da ya maimaita. Na sa ta a mota, na gyara mata gefen lulluɓin da ya fito, na rufe ƙofar da kaina. Na leƙa na ce wa direban, "Yaro, a hankali, amana ce ka ɗauko." Sannan na ja da baya na buga bayan motar da tafin hannuna, ya tayar.